Finjalin Gahawa da Bindiga Mai Jigida

Ni haifaffen Nuzla ne, wata unguwa a Jidda, kuma bindigar da na taɓa riƙewa a rayuwata guda ɗaya ce, ta ruwa, irin wadda ake saya wa yara da salla. Ita ma ban daɗe da ita ba 'yata ta ƙwace ta cika min kunne. Na faɗi wannan tun da wuri don a san irin jarumin da Allah ya haɗa da Kwamanda.

Kwamanda taubashina ne, ɗan goggona. Lokacin da kakanmu ya kamo hanyar Makka da babana yana yaro, ita goggo tana ɗakin mijinta, sai aka bar ta can ƙauye wajen Zamfara. Kakan nan namu, Allah ya jiƙansa, an yi ta ba shi shawara ya nemi takardar zama ɗan ƙasa, ya ce me zai yi da ita, shi da zai koma gida bayan hajji mai zuwa. Hajji mai zuwan nan muke jira har yau. Shi ya sa ni da aka yanke wa cibi a Jidda nake zaune da iƙama, katin izinin zaman baƙo, kamar wanda ya sauka jiya. Ina jan motar kaya ta wani shagon kafet a Aziziyya. Mai shagon shi ne kafilina, kuma zamana da na maiɗakina da na yaranmu duk a kan sa hannunsa suke rataye. In ya wayi gari ya ce halas, wato an gama, jirgi ne zai kwashe mu zuwa ƙasar da sau ɗaya na taɓa zuwa, ita ma a kwance na yi ta da zazzaɓi. A shekarar da nake ba da labarinta lokacin sabunta iƙamar ya kusa, ina ta lallaɓa mutumin, ko atishawa ya yi sai na riga kowa yi masa addu'a.

A daidai wannan lokaci Kwamanda ya zo umra. Shi ne shugaban 'yan sa-kai na ƙauyensu, mazan gari da suka haɗa kai suna gadin mutanensu daga 'yan bindigar daji. Dogo ne busasshe, in ya juya gefe sai ka neme shi ka rasa, ni kuwa in na juya gefe babu abin da ke canzawa. Bayan Makka da Madina ya sauka gidana ya ƙarasa sauran kwanakinsa. Maiɗakina ta yi masa tuwo da miyar kuka, ya ci ya yi hamdala, ya miƙe ya fara zagaya falo. Ya leƙa bayan kujera, ya shafa saman kabad, ya ɗaga labule. Taubashi ne, al'ada ta ba shi wannan dama, na zuba masa ido.

"Ɗan kawu," ya ce, "ina ka ɓoye bindigar?"

"Wace bindiga?"

Ya zaro waya ya nuna min wani bidiyo. Wasu Larabawa ne cikin fararen riguna a wajen biki, wani ya ɗaga wata ƙatuwar bindiga sama, irin wadda harsashi ke zuba mata a jere, mai jigida, yana ta ɓarin wuta cikin iska, sauran suna rawa. Ashe bidiyon nan ya zagaye ƙauyensu kaf. Daga shi suka yanke hukunci cewa a Saudiyya kowane magidanci yana da mai jigida a ƙarƙashin gado, yadda ake ajiye tabarya. Da za a yi masa rakiya, dattawan gari suka ce zamzam da dabino kowa na kawowa, shi ya taho musu da wannan.

Na yi dariya har na sulale daga kujera. Na ce, "Kwamanda, a garin nan ko wuƙar yanka albasa ka fita da ita titi sai an tambaye ka ina albasar take. Bidiyon nan ya girmi wayarka. Yanzu wanda ya yi harbi a biki, a ɗaure zai ji labarin sunan jaririn."

Bai yi dariya ba. Ya ce ni dai rowa nake yi, irin ta 'ya'yan kawu.

Mun kwashe yammaci da yawa muna wannan gardama a bakin ƙofa bayan la'asar, ana ta kai mana shayi. Ni ra'ayina shi ne, in kowane gida ya mallaki mai jigida, ranar da akuyar wani ta ci geron wani sai dai a nemo mutanen wani gari su yi jana'iza. Shi kuma ya ce min ai wancan lokacin ya riga ya wuce, mutanen daji duk suna da ita, su kaɗai ne ba su da ita. Su adaka suke riƙewa, wadda maƙeri ke yi, in ka harba sau ɗaya sai ka zauna kana ɗura mata gari kamar mai ɗura wa jariri kunu, shi kuwa na gabanka kafin ka gama ya share layinku. Na ce to hukuma fa? Ya ce hukuma na zuwa, Allah ya saka mata, tana zuwa ta yi musu ta'aziyya.

Wata rana na ce masa mu ma nan labari na iso mu, cewa su 'yan sa-kan ma ba duka ne waliyyai ba, akwai masu tare makiyayi a kasuwa su kashe don kawai kamanninsa. Na zaci zai yi tsalle. Ya daɗe yana juya kofin shayi, sannan ya ce, "Akwai. Da hannuna na ɗaure biyu daga cikin yarana na kai su. Ɗaya ɗan ƙanwata ne, har yau ba ta amsa gaisuwata." Na ce to irin waɗannan za ka ba mai jigida? Ya ce a'a, shi zai riƙe. Na ce in ka mutu fa? Ya ce in daina yi masa fatan tsiya a ƙasa mai tsarki, in miƙo masa sukari.

Da a bakin ƙofata abin ya tsaya da sauƙi. Amma Kwamanda mutum ne mai cika aike. Ya fara bincike a unguwa. Ba ya jin Larabci ko na sayen burodi, don haka da hannu yake tambaya: ya kafa ƙafa, ya riƙe iska da hannu biyu, ya karkaɗa kafaɗu yana ta-ta-ta-ta. Ya yi wa mai aski haka. Ya yi wa mutumin Yaman mai sayar da wake da safe, bawan Allah ya ba shi wake kyauta ya rufe shago. Maiɗakina ta ja ni kicin ta ce, "Ka ɗaure ɗan'uwanka, ko kuma ka fara koya wa yara cin tuwo ba cokali, don tarhil za a kai mu gaba ɗaya." Tarhil nan ne ake tsare mutum kafin a sa shi a jirgi, kuma a Nuzla ba a ambatonsa da ƙarfi.

Ana haka kafili ya samu ƙaruwa, ya shirya walimar suna ranar Juma'a bayan masallaci, a wata istiraha da ke bayan gari, gidan hutu mai faɗin fili da ake haya don taro. Ya gayyace ni, ya kuma ce ya ji ina da baƙo da ya zo umra, lallai in taho da shi a samu albarkarsa. Na ce baƙon ba ya jin daɗi. Ya ce iskar waje za ta yi masa magani. Na ce ba ya jin Larabci. Ya ce ai da baki ake cin nama. Ba yadda zan yi.

A mota na ɗauki alƙawarinsa cewa ba zai yi ta-ta-ta ba, ba zai ce uffan ba sai amin. Ya amsa. Hankalina ya kwanta, kuma ni in hankalina ya kwanta bakina ke tashi. Na shiga koya masa ladabin majalisar Larabawa kamar ni na ƙirƙiro shi. Na ce za a kawo gahawa a ɗan finjali, ka karɓa da hannun dama. Kaɗan za a zuba, kada ka ce a cika, ba koko ba ne. In ta ishe ka ka girgiza finjalin, in ba haka ba za su yi ta zuba maka har ka ga annabawa. Na ƙara da cewa, abu ɗaya ne kada ka kuskura: kada ka ajiye finjali a ƙasa ba ka sha ba. A wajen tsofaffinsu na ƙauye wannan na nufin ka zo da buƙata, kuma ba za ka sha ba sai maigida ya biya maka ita. Abin kunya ne babba baƙo ya tashi gahawarsa na ƙasa.

"Ko wace iri ce buƙatar?" in ji Kwamanda.

"Ko 'yarsa ka nema," na ce, ina jin daɗin ilimina.

Ya ce, "Allah sarki, mutanen kirki," ya juya yana kallon hanya.

Majalisar doguwa ce, an shimfiɗe ta da kafet ɗin shagonmu, wanda ni na kawo shi a kafaɗata. Maza sun jeru jikin bango, turare na tashi, daga baya kuma ƙamshin mandi na shigowa, shinkafa da rago da aka gasa a rami, irin ƙamshin da ke sa mutum ya yafe wa maƙiyansa. A can ƙurya mahaifin kafili ne zaune, tsoho tukuf mutumin duwatsun kudu, gemu jawur da lalle, sanda a kan cinya. Da aka ce masa ga baƙo daga Najeriya ya zo umra, ya sa aka zaunar da Kwamanda kusa da shi, ni kuma a gefe in yi tafinta. Kafili na tsaye yana karɓar baƙi. Daura da mu akwai wani surukinsu da na san jami'in tsaro ne, ko da yake ranar farar riga ya sa kamar kowa.

Mai gahawa ya zo. Kwamanda ya karɓa da hannun dama, na ji alfahari. Ya dubi finjalin, ya dubi tsoho, ya sunkuya a hankali ya ajiye shi a kan kafet.

Matasan wurin ba su lura ba. Tsohon ne ya gani, ya gyara zama, idonsa ya kawo haske kamar an mayar masa da shekara talatin. Na tabbata rabon da a yi masa haka tun kafin a kawo wutar lantarki garinsu. Ya buga sanda a ƙasa, majalisa ta yi tsit.

"Sha gahawarka, ya baƙo," ya ce da ƙarfi, "abin da ya kawo ka ka samu."

Kwamanda ya taɓa ni. "Me ya ce?"

"Ya ce ka sha ka daina hauka."

"Ƙarya kake, ɗan kawu, na ga fuskarsa. Gaya masa mai jigida nake so. Guda ɗaya tak, da jigidarta."

Na juya wajen tsoho, na ce, "Ya ammi," wato baffa, "baƙona yana roƙon addu'a ce ga mutanen garinsu."

Tsoho ya ɗaure fuska. Ya ce ba a ajiye finjali don addu'a, addu'a kyauta ce. Kwamanda kuma ya ga maganar tawa ta yi gajarta, ya gane na cinye saƙon a hanya. Sai ya miƙe tsaye, duk tsawonsa, a tsakiyar majalisar kafilina, a gaban jami'in tsaro, ya kafa ƙafa, ya riƙe iska da hannu biyu. Ya cika alƙawari, bai ce ta-ta-ta ba. Kafaɗun kawai ya karkaɗa, ya bi jeren baƙin da bakin bindigarsa daga wannan bango zuwa wancan.

Na yi tafinta a rayuwata, a asibiti, a kasuwa, har a rikicin aure, amma ban san yadda ake fassara wannan ya zama addu'a ba. Jami'in ya ajiye dabinon da ya ɗauka. Na dubi kafili, na ga fuskarsa ta koma kalar bango. Wallahi a lokacin na ji ƙarar injin jirgi a kunnena, har na ga kujerar da za a ba ni, ta tsakiya, kusa da banɗaki.

"Kai," tsoho ya nuna ni da sanda, "faɗi abin da ya ce, kada ka rage ko harafi."

Na faɗa. Tsoho ya ce a tambaye shi me zai yi da ita. Kwamanda ya zauna ya yi bayani, ni ina juyawa. Bai yi ado ba, shi ba irina ba ne. Ya ce suna noma ne a gonakin da ke kusa da gari kawai, na nesa sun zama daji. Ya ce mata ba sa zuwa rafi sai da rakiya. Ya ce ranar da aka shigo musu da damina, su goma sha wani abu ne a bakin gari da adaka, ƙanensa na cikinsu, shi ne ya ɗauko shi a kafaɗa. Ya ce shi bai iya roƙo ba, an gaya masa ne a nan in an ajiye finjali ana ji.

"Wa ya gaya masa?" in ji kafili daga tsaye, a hankali.

Na shiga duban ƙirar kafet kamar ban taɓa ganinsa ba.

Tsoho ya shafa gemu. Sannan ya ce a da yana da ita, ta babansa ce, a duwatsu kowane gida da tasa, don a lokacin kowa shi ne hukumar kansa. Ya ce ya harba ta a bikin ƙannensa duka. Da zamani ya canza aka ce a kawo, ya kai da hannunsa, ya dawo gida ya ƙi cin abinci. Ya ce, "Yau ko ina da ita ba ta ƙetare teku, ni da kai da wannan mai tumbin duk ɗaki ɗaya za a rufe mu." Jami'in ya gyaɗa kai, shi ne kawai abin da ya ce a ranar. Tsoho ya ce Kwamanda ya nemi wani abu daban, kome ne ne.

Kwamanda ya ce shi abu ɗaya aka aiko shi.

To fa. Tsoho ya riga ya yi magana a gaban jama'a, finjali na ƙasa, kuma ya rantse ba za a shigo da abinci ba baƙonsa bai sha ba. Gahawa ta huce. Ana jin motsin manyan tire a bayan ƙofa an tsayar da su. Mutum hamsin masu yunwa suka zuba mana ido, wani ciki ya yi ƙugi daga ƙarshen majalisa, ina zaton nawa ne ya amsa masa. Tsoho ya yi tayin rago, ya yi tayin kujerar hajji, ya yi tayin sandarsa. Kwamanda na zaune kamar an dasa shi.

Na matsa kusa da kunnensa. Wannan karon babu wasa a bakina. Na ce, "Yaya, zaman 'ya'yana a garin nan yana cikin finjalin nan. In ka tashi ka bar shi a ƙasa, an kunyata uban mutumin da ke sa min hannu, a gidansa, a kan kafet ɗinsa, ta dalilina. Yaran nan ba su san ko'ina ba sai nan."

Ban taɓa ce masa Yaya ba sai ranar. Ya juyo ya dube ni sosai.

"In an kore ka ina za ka?"

"Garinku mana. Ina kuma nake da shi? Sai ka sa ni cikin 'yan sa-kai."

Ya dubi tumbina, ya dubi ƙafafuna, ya sake duban tumbin. "Kai? A bakin gari? Ai daga dajin Katsina za su hango ka." Ya girgiza kai. "Garin da ke fama da 'yan bindiga ba za a ƙara masa da kai ba."

Ya sa hannun dama ya ɗauki finjalin, ya shanye gahawar nan mai sanyi, ya yamutsa fuska, ya girgiza shi yadda na koya masa. Ya ce in gaya wa tsoho ya sauke masa nauyi, ya ji maganarsa, kuma maganar dattijo ce. Tsoho ya kamo kansa ya sumbaci goshinsa, ya yi ihu a shigo da abinci. Yadda aka far wa tiren nan, ban taɓa ganin an kashe rago sau biyu ba sai ranar. Ni kuwa, abin da ban taɓa yi ba, loma uku na yi na tsame hannu, don duk lokacin da na ɗaga kai sai in ga kafili yana kallona.

A hanyar komawa, da muka shigo Nuzla, Kwamanda ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Me zan gaya wa dattawa?" Na ce ban sani ba. Ya ce shi ma haka.

Kafili ya yi kwanaki ba ya ce min komai sai da hannu: ɗauki wancan, kai can. Kwamanda ya koma gida da zamzam da dabino. Maiɗakina ta fara ware kayan da za su shiga akwati da waɗanda za a bayar, tana yi tana min kallon da ya fi mai jigida. Rannan da safe kafili ya kira ni ofis, ya rufe ƙofa. Na tsaya ina tuna duk surorin da na haddace.

"An sabunta," ya ce, bai ɗago ba. "Kai da iyalinka."

Na buɗe baki zan fara godiya, ya ɗaga hannu.

"Ba don kai ba. Na gaya wa baba zan sallame ka, ya ce in na yi kada in ƙara shiga gidansa. Abu biyu. Na farko, daga yau ko yadda ake cire takalmi kada ka sake koya wa kowa a ƙasar nan. Na biyu, baba ya hana ni sakat, duk Juma'a sai ya tambaye ni garin mutumin nan yana nan? Ni ina zan sani? Kai za ka riƙa kawo min amsa kafin masallaci. Yalla, maza, akwai kafet da za a kai unguwar Sa'alaba."

Shi ya sa duk Alhamis nake kiran Kwamanda. In wayar ta shiga sai ya zage ni tukuna, ya tambayi tumbina, sannan ya ce in gaya wa tsoho suna nan. Wani makon ba ta shiga, sai in yi ta gwadawa a cikin mota tsakanin wannan gida da wancan, kafet a baya, har ta shiga.